Baffana ya ce na mayar da gadon gidanmu kayan talla

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekaruna 28, ina zaune a cikin birnin Katsina da mijina da 'ya'ya biyu. Gidanmu gidan dukawa ne tun kaka da kakanni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kayan doki yake yi da kube da gafaka, ni kuma tun ina ƙarama nake zama kusa da shi ina miƙa masa basilla har hannuna ya faɗa. Kakata ta wajen uba ce ta koya mini jera duwatsu. Da na gama NCE ban samu aiki ba, sai na fara ɗinka jakunkunan mata da fata, ina yi masu ado da duwatsu da irin zanen da ake yi wa kayan doki a gidanmu. Na sa a WhatsApp, ƙawaye suka saya, magana ta kai har Abuja.

Yanzu Baffa, yayan mahaifina, wanda rumfar gidanmu ke hannunsa, ya ce zanen gidanmu ba na jakar 'yan mata ba ne, na mayar da gado kayan talla. Ya hana ƙanena da ke taya ni yanka zuwa wurina. Mijina bai hana ni ba, amma yana ƙorafin warin fata da yawan kiran waya da dare, danginsa kuma suna cewa mai ilimi ba ta dukanci. Har ya samo mini koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ga wata Hajiya mai shago a Abuja tana son jaka 40 duk wata, amma sunan shagonta za ta liƙa, kuma sai ta sayar za ta biya. Jaka ɗaya tana cin kwana uku, kayan aikinta naira 9,000, ina sayarwa 15,000, amma ƙarshen wata ba na ganin komai. In bari ne, ko in ci gaba ko da Baffa zai yi fushi da ni?

Daga ƙanwarki a Katsina.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Na yi farin ciki da wasiƙarki duk da damuwar da ke cikinta, domin a wannan zamani da gidajen sana'a da yawa suka rasa wanda zai karɓi basilla daga hannun tsofaffi, ke kin karɓa da kanki, har waɗanda ba su taɓa ganin fuskarki ba suna neman aikinki. Kada ki bari. Sai dai yadda kike tafiyar da abin yanzu ba zai kai ki ko'ina ba, kuma kafin mu je ga Baffa ina so mu tsaya a kan maganar da kika sa a ƙarshe kamar ba komai ba ce, wato cewa ba kya ganin komai a ƙarshen wata. Duk sauran rigingimun a jikinta suke rataye.

Mu yi lissafi tare. Kayan aiki 9,000, sayarwa 15,000, sai ki ga kamar kin ci ribar 6,000. To ina ladan kwana ukun da kika yi a sunkuye? Tun 2024 mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a ƙasar nan naira 70,000 ne a wata. In kika raba shi ga kwanakin aiki 26, kowace rana ta tashi kusan 2,700, kwana uku sun zama 8,100. Ki ɗora wannan a kan 9,000, jakarki ta tsaya a 17,100, kuma wannan ladan ma'aikaci mafi ƙanƙanta ne na sa miki, ban sa na mai gwanintar shekara da shekaru ba. Ban sa kuɗin data ba, ban sa na Napep zuwa kasuwa da tasha ba, ban sa fatar da ta lalace wajen yanka ba, ko leda da kwali, ko ɗan abin da kike ba ƙanenki. Kowace jaka da ta fita daga hannunki a 15,000, ke ce kika cika wa mai sayen kuɗi daga ƙarfinki da idonki. Shi ya sa gajiya take zuwa, kuɗi ba sa zuwa.

Ki sayi littafi ɗaya na rubutu, ki raba kowane shafi gida biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, har da naira ɗarin da kika ba yaro ya kai saƙo. Kuɗin sana'a su zauna a asusu daban, kada su haɗu da na cefane. Ki yanka wa kanki lada a kan kowane aiki, ki ɗauke shi, abin da ya rage bayan wannan shi ne riba, kuma ita ce ke komawa jari. Bashin ƙawaye da dangi kuwa, irin na "kawo zan turo miki", ki rufe ƙofarsa da fara'a tun yanzu. Wadda kike son yi wa kyauta ki yi mata kyauta da zuciya ɗaya, ki rubuta a littafi cewa kyauta ce.

Na san abin da za ki ce: in na kai jaka 25,000 ai guduwa za su yi. Wasu za su gudu, ki bar su su tafi. Wadda ke kwatanta ɗinkin hannu na fatar akuya da jakar roba da ake saukewa kwantena-kwantena, dama can ba mai sayenki ba ce. Amma kada ki dogara da manyan jakunkuna kaɗai. Ragowar fatar da kike zubarwa ita ce alabe, mariƙin makulli, abin hannu na duwatsu, gidan waya, ɗan takalmin jariri. Waɗannan ba sa cin kwana uku, a wuni ɗaya sai ki gama da yawa, ɗaliba ma za ta iya saye. Ƙananan su riƙa juya miki kuɗi kullum, manyan kuma ki yi su sai an yi oda an ba da kafin alƙalami.

Yanzu Baffa. Ina so ki ɗan zauna a inda yake zaune ki kalli abin da idonsa. Ƙanensa da suka tashi a rumfa ɗaya ya rasu. Kasuwar kayan doki ta dawo sai gab da Sallah, takalman roba sun cinye ta fata, ita kanta fatar ta yi tsada, ta saniya ana cinye ta ganda, ta akuya da tunkiya mai kyau kuma manyan kamfanonin jima na Kano, irin na Challawa da Sharaɗa, suna kwashewa su fitar waje. Yana cikin wannan hali sai ya ga zanen da ubansa ya koya masa yana yawo a wayoyin mutane, a hannun yarinyar da aka yi sunanta a gabansa. Ina kyautata zaton a bakin wasu ya fara jin labarin, ba a bakinki ba. Dattijo irinsa ba zai ce miki "kin ƙetare ni, raina ya ɓaci" ba. Cewa zai yi kin zubar da mutuncin gado. Ki kuma tuna ƙanenki hannu ne a rumfa, ranar da yake wurinki ranar ce Baffa ke aiki shi kaɗai da idon da ya fara gajiya.

Kuma a wani ɓangare gaskiya ce da shi, ba zan ɓoye miki ba. Akwai abubuwan da ba a mayar da su ado. Laya mai ɗauke da ayoyi ba ta zama abin ratayawa a jikin jakar da za a ajiye a ƙasa ko a shiga da ita bayi. Aikin da gidanku ya saba yi wa dokin wani basarake shi kaɗai, wanda in aka gan shi a filin hawa an san na wane ne, amana ce tsakanin gidanku da gidansa, kwafe shi a zuba a kasuwa cin amana ne ko da babu takardar da ta hana. Amma dagi da sauran zane-zanen da ke jikin soraye da huluna da manyan riguna a duk ƙasar Hausa, waɗannan na kowa ne. Ita kuma gwanintar da mahaifinki ya zuba a hannunki, ba wanda ke da ikon karɓe ta. Aikinki shi ne ki bambance waɗannan, kuma babu wanda ya fi Baffa sanin inda iyakar take.

Don haka ki je ki same shi, da ƙafarki, ba ta waya ba. Ki fara biyawa ta wurin wanda yake jin nauyinsa, gwaggonki ko amininsa na tun ƙuruciya, a share miki hanya. In mijinki zai raka ki ya fi kyau, Baffa ya ga ba a bayan idon maigidanki kike yi ba. Ki riƙe ɗan turare ko goro, ki ɗauki jakar da kika fi ji da ita. Bayan gaisuwa ki fara da ba shi haƙuri a kan rashin sanar da shi tun farko, sannan ki ajiye jakar a gabansa ki ce, "Baffa, ga abin da na koya a gidan nan, ka duba mini inda na kuskure." Baduku ba ya riƙe fata bai juya bayanta ya duba ɗinki ba. In ya fara cewa nan kin ja zare da yawa, can ba ki fere bakin ba, to magana ta buɗe, ki yi shiru ki saurara, domin gyaran da zai yi miki kyauta ba za ki same shi a wata makaranta ba.

Sai ki roƙe shi ya nuna miki da kansa zanen da bai yarda a taɓa ba, ki yi masa alkawari, ki kuma cika. Ki roƙe shi ya zama shi ne mai zaɓar miki fata a wurin majema, a kuma riƙa yanka a rumfa, ki biya ladan kowane yanka a kan farashin da kuka tsayar, a hannu, ranar da aka gama. Kada ki ce "ai Baffa ne" ki bar shi da godiya da addu'a, abin da ƙawayenki suke yi miki ke nan. Ƙanenki kuma a tsayar masa da ranaku, a ɗauke makonnin da ke gaban Sallah lokacin da aikin doki ya yi yawa. In kin ga fuska, ki gaya wa Baffa abin da ni na yi imani da shi: yara ba sa gudun dukanci don sun raina kakanninsu, suna gudu ne don sun ga bai ciyar da ubansu ba. Ranar da ƙanenki ya ga ana sayen buhun shinkafa da kuɗin fata, ba sai an roƙe shi ya zauna a rumfa ba.

Yana iya ƙi. In ya ƙi, ki bar duk zanen da ya ambata ko da kina ganin ya tsananta, ki zauna ki fitar da naki, hannun da ya iya kwafa ya iya ƙirƙira. Yanka ki koya sosai da kanki ko ki biya wani baduku. Neman halal da sana'ar ubanki ba saɓa wa iyaye ba ne, saboda haka kada ki kwana da nauyin zunubi a zuciya. Amma ki ci gaba da zuwa gaishe shi, ki kai masa abincin Sallah yadda kika saba, kuma duk maganar da aka kawo miki cewa ya faɗa, kada ki mayar da martani ta bakin kowa. Zumunta a ƙafa take.

Ba ki yi dogon bayani a kan kakarki ba, ni kuwa ita na fi tunani. In tana raye, ki zauna da ita tun tana iya tunawa. Ki ɗauki hoton kowane jeri, ki rubuta sunan da take kiransa, da lokacin da ake sa shi, da wadda ta koya mata. Ki naɗi muryarta a waya in ta amince. Ki cire mata wani abu daga cinikin kowane wata, ko yaya ƙanƙantarsa, ki ce mata na jerinta ne. Tsofaffin duwatsun gado, murjani da tsakiyar da ke cikin adudunta, kada ko ɗaya ya hau jakar sayarwa, komai kuɗin da aka taya. Na aiki ki saya a kasuwa. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kin ga yadda suka tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, don haka ki riƙa sabunta lissafinki duk lokacin da kika sayo sababbi. In kina son wani abu na daban a 'yan kayan da za ki sa wa tsada, ki nemi duwatsun gilashi na Masaga da ake narkawa da hannu a Bida.

Mijinki bai hana ki ba, ki riƙe wannan da kyau. Ƙorafinsa biyu duk suna kan hanya, kuma duk suna da magani. Ki sayi layi na biyu don sana'a, ki sa WhatsApp Business a kansa, ki jera kayanki da farashinsu, ki sa saƙon da ke amsawa da kansa cewa ana ciniki daga safe zuwa La'asar. In Magariba ta yi ki kashe shi. Wari kuwa yawanci daga fatar da ba ta jemu sosai ba ne ko wadda man da aka shafa mata ya tsufa. Wadda ta sha bagaruwa yadda ya kamata, aka shanya ta a inuwa, ƙamshinta mai sauƙi ne. In kun daidaita da Baffa, ɗanyen aikin duk a rumfa zai tsaya, abin da zai shigo gidanki yankakke ne, sai ɗinki da ado. Ki keɓe wuri ɗaya, nesa da ɗakin kwana, duwatsu kuma a rufe a sama, domin ƙaramin yaro yana iya haɗiye su ko ya tura a hanci.

Koyarwar da ya samo miki, kulawa ce, ki gode masa a kanta da gaske. Abin da yake gani shi ne matarsa tana wahala dare da rana ba ta da ko na sabulu, wane miji ne ba zai nemo mata mafita ba? Ki nuna masa lissafin da muka yi, ki ce kin gano inda ruwa ke zuba, ki roƙi wata shida da sabon farashi, littafinki a buɗe gare shi. Dukiyarki taki ce a shari'a, amma gidan naku ne ku biyu, mutumin da ake shawara da shi kuma shi ne ke tsaya miki in danginsa sun yi magana. Su dangin kada ki ja da su. In maganar ilimi ta taso ki gaya wa mijinki kawai cewa a Samaru, Zariya, akwai cibiyar gwamnatin tarayya sukutum, NILEST, da ake karatun difloma a kan fata da jima. In kuma halin gidan ya matsa har kuna bukatar albashin wata-wata yanzu, karɓar koyarwar ba faɗuwa ba ce. Ki koyar da safe, ki rage oda zuwa abin da za ki iya da yamma da lokacin hutu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ki ce wa makaranta to, ki ce wa masu oda to, ki zo ki kasa duka biyun.

Tayin Hajiyar Abuja, yadda yake a yanzu, kada ki karɓa. Jaka 40 sau kwana uku kwana 120 ke nan, a watan da bai wuce kwana 30 ba. Kayan aikinsu kaɗai naira 360,000 ne daga aljihunki, ki aika, ki zauna jiran ta sayar. In kaya sun zauna, asararki. In sun yi fumfuna, asararki. In sun karɓu, sunanta ne ya fita. Ba ina cewa macuciya ba ce, 'yar kasuwa ce mai biyan hayar shago a Abuja, ta taya yadda zai fi mata, yanzu saura ke ki faɗi naki. Ki ce mata jaka takwas ko goma a karon farko, rabin kuɗi kafin alƙalami, cikon kafin a sa kaya a mota. Farashin sari ya sauka ƙasa da na ɗai-ɗai, wannan daidai ne, amma kada ya sauka ƙasa da kayan aiki da ladanki da 'yar riba. A rubuta adadi, girma, launi, ranar kammalawa, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun ɓace a hanya. Kada ki ji kunyar neman rubutu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Maganar suna kuwa ina so ki tsaya a kanta da ƙarfi, saboda an taɓa yi mana wannan. Kafin Kano ta karɓe ragamar ciniki a ƙarni na 19, Katsina na cikin manyan zangunan ayarin Sahara, jemammiyar fata kuma na cikin kayan da raƙuma ke ɗauka zuwa arewa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman ƙasar Hausa suka jeme suka rina, haka ta ƙetare hamada ta isa Turai, aka riƙa yi wa littattafai masu tsada bango da ita, ana kiranta fatar Maroko. Wanda ya sayar a ƙarshe shi ya tafi da suna da mafi yawan riba. Wasu al'ummomin sai da doka ta shiga tsakani: a Amurka, a ƙarƙashin wata doka ta 1990, laifi ne mutum ya sayar da kayan duwatsu ko na fata da sunan aikin 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da Turawa suka tarar a can, alhali ba su suka yi ba. Ke taki kariyar a hannunki take. Ki sa maƙeri ya yi miki ɗan hatimi na ƙarfe, ki riƙa buga alamarki da "Aikin Katsina" a jikin fatar daga ciki, inda ba a ɓamɓarewa. Hajiya ta rataya sunan shagonta daga waje in tana so. Kada kuma ki yarda cewa ita kaɗai za ki riƙa yi wa wani zane, sai in ta biya kuɗin hakan daban kuma na ɗan lokaci. In ta ƙi duk wannan, ku rabu lafiya.

In kika ɗaga farashi, dole aiki ya ɗaga. Kafin jaka ta fita ki goga mata farin ƙyalle mai danshi, musamman jar da aka rina da karan dafi, in launi ya fito kada ki aika, domin jakar da ta ɓata wa mace farin leshi ranar biki ta kashe miki kasuwar unguwa guda. Iskarmu busasshiya ce, ta Legas da Fatakwal ba haka take ba, ki gaya wa mai saye ta ajiye jakar inda iska ke shiga, kada ta ɗaure ta a leda da damina. Zif da ƙarfen maɗauri su ne ke fara mutuwa, kada ki yi tsumulmula a kansu, in za ki Kano, Kurmi ko Ƙofar Wambai, ki saro na watanni a tafiya ɗaya. Ki yanka kwali na kowane samfuri don jakar yau ta yi daidai da ta jibi. Bayan layya fata takan yi yawa, amma da yawa wuƙar masu fiɗa ta huda su, a nan ne idon Baffa zai tsare miki jari. Hoto ki ɗauka da hasken rana, kada ki ƙara masa launi. In aiki zai ci mako biyu, ki ce mako biyu.

Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ana yin ta ta intanet, da ita za ki buɗe asusu da sunan sana'arki, wanda ke kwantar da hankalin mai turo kuɗi daga nesa. Ki yi rajista da SMEDAN, hukumar tarayya mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ki kuma riƙa bibiyar sanarwar KASEDA, hukumar jihar Katsina mai kula da ƙananan sana'o'i, don horo da baje koli. Amma kada ki gina lissafinki a kan tallafi, kada kuma ki ba wani ko sisi don ya sa sunanki a takarda. Bashin manhajojin waya ki guje shi, ga ruwa ga tozarci. Adashe da mutanen da kika sani ya ishe ki a wannan mataki, ko wani ɗan'uwa ya zuba jari ku raba riba a kan kason da kuka rubuta. In oda ta fi ƙarfinki, matan aure nawa ne a layinku da ke zaune da hannu biyu? Ki koya wa biyu jera duwatsu, ki biya su a kan kowane aiki, kuma ladan da kike nema wa kanki kada ki tauye masu shi.

Kada kuma Abuja ta ɗauke miki ido daga abin da ke ƙofar gida. Hawan Sallah yana tara baƙi a Katsina, Sallar Gani tana cika Daura a watan Mauludi, ga masu zuwa ganin rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau, ga 'yan bautar ƙasa da ke neman tsarabar da za su kai gida in sun gama shekararsu. Uwar amarya da ke son raba wa ƙawaye wani abu da ya fi bokitin roba, alabe hamsin masu sunan amarya aiki ne da ke da ranar kammalawa da kuɗi a hannu. Waɗannan ba kuɗin mota, ba fargabar kaya su ɓace a tasha.

A wannan makon ki fara da littafin lissafi, ki fitar da ainihin kuɗin kowane abu da kike yi, domin da shi za ki yi magana da mijinki, da shi kuma za ki san abin da za ki iya biyan Baffa kafin ki yi masa alkawari. Ranar Juma'a bayan an sauko ki je wurinsa. Hajiya kuma kada ki bar ta shiru, ki rubuta mata yau cewa kin gode da tayin, kina kan lissafi, za ta ji daga gare ki nan da mako biyu. Allah ya sa albarka a hannunki, ya daidaita tsakaninki da Baffa.